Yadda Ake Haɗa Na'urorin Jirgin Ruwa Su Ji Maganar Juna: Jagorar NMEA 0183 da NMEA 2000

An taɓa kirana wata tashar ruwa a Legas in duba wani jirgin ɗaukar ma'aikata da ma'aunin zurfinsa ya daina nuna komai. Ɗakin matuƙi cike yake da kaya masu tsada: allon taswira, rada, na'urar AIS mai nuna jiragen da ke kewaye, ga rediyon VHF sabo fil. Ina cikin aikina sai idona ya kai fuskar rediyon. Wurin da ya kamata a ga lambobin inda jirgin yake, babu komai sai 'yan layuka. GPS tana nan kusa, ba ta fi taku ɗaya daga rediyon ba, amma ba wanda ya haɗa su. Waya biyu ce kacal ta rage. Da jirgin nan zai yi hatsari da dare, matuƙi ya danna jan maɓallin neman agaji, kira zai fita, amma ba tare da wurin da za a same su ba. Ga mutane cike a ciki kullum.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Sayen na'ura abu ne mai sauƙi ga mai kuɗi. Sa na'urorin su riƙa miƙa wa juna bayani shi ne aikin, kuma yawancin aikin waya ce da wuta da awo. Duk mai wayarin mota da ya iya riƙe mitar gwaji zai iya koyonsa.

Harsunan da za ka tarar a cikin jirgi

Akwai wata ƙungiya ta masu ƙera da sayar da kayan lantarkin jiragen ruwa a Amurka, ana kiranta NMEA, an kafa ta a 1957. Ita ta fitar da ƙa'idoji biyu da suka mamaye harkar. Ta farko NMEA 0183, ta fito a 1983. Ta biyu NMEA 2000, ta shigo a farkon shekarun 2000. Hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, ta karɓe su ƙarƙashin lamba 61162, shi ya sa a takardun manyan jirage za ka ga an rubuta IEC 61162-1 a maimakon 0183, ko IEC 61162-3 a maimakon 2000. Kusan abu ɗaya ake nufi.

Bambancinsu kamar na malami mai karatu ne da zauren shawara. A 0183 na'ura ɗaya ce ke magana a kan waya, sauran saurare kawai suke yi, ba su da ikon amsawa ta wannan wayar. A 2000 kuwa kowa na zaune a kan waya ɗaya, kowa na iya magana, kowa na ji, kuma saƙon da ya fi muhimmanci shi ake bari ya wuce gaba. Gudun 0183 na yau da kullum bit 4,800 ne a daƙiƙa, na 2000 kuma bit 250,000. An gina 2000 ne a kan tsarin CAN, hanyar sadarwa tsakanin na'urori da kamfanin Bosch ya fito da shi don motoci a 1986, ta hanyar ƙa'idar J1939 ta manyan motoci da injinan dizal. Wanda ya taɓa sa mita a ƙafa ta 6 da ta 14 ta soket ɗin gwajin mota ya ga om 60, to ya riga ya san rabin karatun.

Sai na uku, Ethernet, irin wayar kwamfutocin ofis. Ta nan hoton rada da na kamara da hoton ƙarƙashin ruwa ke bi, don sun fi ƙarfin 2000.

Mataki na farko: takarda da biro

Kada ka sayi ko da mahaɗa ɗaya kafin ka zana jirgin. Rubuta kowace na'ura, kamfaninta, lambar samfurinta, da irin ƙofofin da ke bayanta. Sannan ka yi wa kowace tambaya biyu: me take bayarwa, me take buƙata? GPS tana bayar da wuri da gudu da lokaci. Rediyo yana buƙatar wuri. Na'urar tuƙi da kanta tana buƙatar alƙibla daga kamfas da hanya daga allon taswira. Rada tana buƙatar alƙibla in ana so hotonta ya hau kan taswira daidai. AIS tana miƙa wa allo jiragen da ke kewaye.

Ka auna nisa da tef ta hanyar da waya za ta bi a zahiri, da kwane-kwanenta da hawa da saukarta. Jirgi mai tsawon mita 12 yakan ci waya ta mita 20 ba ka ankara ba.

Shawarata a nan ba ta da kwana: in sabon aiki ne, ka gina shi a kan NMEA 2000. Ka bar 0183 ga tsofaffin na'urorin da har yanzu suke da lafiya. Ba na goyon bayan zubar da rediyo ko kamfas mai aiki don kawai tsohon yare yake ji, akwai hanyar haɗa shi, za mu zo gare ta.

Mataki na biyu: shimfiɗa uwar waya

Tsarin 2000 kamar titi ɗaya ne miƙaƙƙe da lunguna a gefensa. Titin shi ne uwar waya, wadda ke ratsa jirgin daga wannan kai zuwa wancan. Duk inda na'ura take, sai a sa mahaɗa mai siffar T, a fitar da reshe daga ƙafar T ɗin zuwa na'urar. Hannaye biyu na T na uwar waya ne, ƙafar ta reshe ce. Kada ka juya wannan tsari. Uwar waya ba ta rabuwa gida uku, ba ta yin zobe ta koma inda ta fito.

A kowane ƙarshe na uwar waya ana toshe marufi mai ɗauke da rezisto na om 120, wanda 'yan kasuwa ke kira tamineta. Biyu ne, ba ɗaya ba, ba uku ba. Aikinsu shanye sigina in ta kai ƙarshen waya, don kada ta dawo kamar amsa-kuwwa ta rikita saƙon da ke biye da ita. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, ƙaramin layi mai tamineta ɗaya yakan yi aiki a bakin tasha. Sai an shiga ruwa, inji ya ɗau zafi, an ƙara na'ura, sannan bayani ya fara zuwa yana ɗaukewa.

Cikin wayar akwai zare biyar. Ja shi ne wutar 12V, baƙi nagetif, fari CAN na sama, shuɗi CAN na ƙasa, sai tsirarar waya ta garkuwar da ke naɗe da su. Wayar kanta iri uku ce: Micro, Mid da Mini. Ƙananan jirage kusan duka Micro suke amfani da ita, mai mahaɗa zagayayya da ƙafa biyar. Ga iyakokin da ba a tsallakewa:

Reshe ɗaya kada ya wuce mita 6.
Jimillar dukkan rassa kada ta wuce mita 78.
Uwar waya ta Micro kada ta wuce mita 100. Mid da Mini suna kaiwa ninkin haka da ɗoriya.
Na'urori kada su wuce 50 a layi ɗaya.
Micro tana ɗaukar amfiya 3, Mid 4, Mini 8.

Dokar mita 6 ita ta fi kama mutane. Ma'aunin iska ko eriyar GPS da ke can ƙololuwar sanda yakan fi wannan nisa. Maganinsa shi ne uwar wayar da kanta ta hau sandar ta ƙare a can, a sa tamineta a sama. Wasu ma'aunan iska ma da nasu tamineta a ciki suke zuwa. In ba ka karanta littafinsu ba, ka ƙara naka biyu, ka wayi gari da uku.

Kamfanoni sun yi wa wannan tsari riguna daban-daban. Raymarine na kiran nasa SeaTalkNG, uwar waya shuɗiya, reshe fari. Simrad ya daɗe yana da SimNet. Garmin da Maretron da sabbin kayan Lowrance da B&G suna amfani da mahaɗar Micro ta gama-gari. Harshen cikin ɗaya ne, kan mahaɗar ne ya bambanta, kuma ana sayar da gajeriyar waya mai kai biyu don haɗa su. Ka saye ta. Yanke waya a murɗa da hannu a naɗe da salatif, a cikin iskar gishiri, ba ya kai damina biyu. Kada kuma a rikita SeaTalkNG da tsohon SeaTalk mai waya uku, ja da rawaya da garkuwa. Wancan wani yare ne daban na kamfanin, sai da na'urar canji yake shiga layin.

Wajen bi da waya, ka nisanta ta daga manyan wayoyin batir da na altaneta da wayar eriyar rediyo. In dole ta haɗu da su, ta tsallaka su a gicciye. Kada ta kwanta a ƙasan jirgi inda ruwa ke taruwa. Ka ɗaure mahaɗun T da sukurori a jikin katako, kada ka bar su suna lilo, don girgizar inji tana tsattsaga su a hankali. Da hannu ake ƙulle mahaɗa, ba da filaya ba. Duk bakin da ba a yi amfani da shi ba, a sa masa murfi.

Mataki na uku: wuta, inda yawancin matsala take

Uwar waya ba bayani kawai take ɗauka ba, ita ke ciyar da ƙananan na'urori. Tana son wuta tsakanin 9V da 16V. Idan jirgin na 24V ne, kamar yawancin jiragen aiki, dole ka sa na'urar rage wuta zuwa 12V. Ka haɗa 24V kai tsaye, kana iya ƙona na'urorin da ke kan layin a lokaci guda.

Wuta ta shiga ta wuri ɗaya, ta mahaɗar wuta, da fiyus daidai da ƙarfin wayar, amfiya 3 ga Micro. Ta biyo ta makunni, don in an haɗa ta kai tsaye da batir za ta zuƙe shi alhali jirgi na ɗaure. Kada ka ɗauko ta daga batirin tayar da inji in akwai na hidima daban, saboda faɗuwar wuta lokacin tayarwa tana kashe na'urori su sake tashi. Ka kuma bincika ko wata na'ura, musamman ta ɓangaren inji ko kwamfutar tuƙi, tana zuba tata wutar a layin. Wuta biyu daga batura biyu a kan jar waya ɗaya hatsari ne. In jirgin babba ne har yana buƙatar mashiga biyu, ana raba jar wayar da mahaɗa ta musamman mai barin bayani ya wuce amma ta tare wuta.

Garkuwa ana haɗa ta da nagetif a wuri ɗaya tak, wurin da wuta ta shiga. In ka haɗa ta a wuri biyu, ka buɗe wa wutar banza hanya ta bi ta cikinta, ita da aka sa don ta kare.

Yanzu lissafi. Kowace na'urar 2000 tana da lamba a littafinta ko a jikinta da ake kira LEN. LEN ɗaya daidai yake da miliamfiya 50. Na'ura mai LEN 4 tana jan miliamfiya 200. Ba a yarda na'ura ta ja fiye da LEN 20 daga layin ba, wato amfiya ɗaya, shi ya sa manyan alluna da rada da rediyo suke da tasu wayar wuta daban. Siririyar wayar Micro tana da turjiya ta kusan om 0.057 a kowace mita, don haka wuta tana raguwa yayin da take tafiya. Ga yadda ake gano raguwar:

0.1 × jimillar LEN × tsawon waya a mita × 0.057

Wannan 0.1 ɗin ba daga sama ya faɗo ba: amfiya 0.05 ce ta LEN ɗaya, sau biyu, saboda wuta tana zuwa ta ja ta dawo ta baƙa. Ka ɗauka kana da na'urori masu jimillar LEN 20 a kan waya ta mita 20, ka sa wuta a ƙarshe ɗaya. Lissafi zai ba ka 2.28V. Ya yi yawa. Abin da ake nema kada raguwar ta wuce 1.5V, don in batir ya yi sanyi na'urar da ke can ƙurya ta samu abin da zai riƙe ta. To matsar da mahaɗar wutar zuwa tsakiya, kowane ɓangare ya zama LEN 10 a kan mita 10. Yanzu raguwar 0.57V ce. Ba ka ƙara kashe ko kwabo ba. Tsakiyar da ake nufi ta nauyi ce, ba ta tef ba: wurin da jan wutar hagu da na dama suka yi kusan daidai.

Mataki na huɗu: gwaji kafin a kunna komai

Kashe wutar layin gaba ɗaya. Sa mita a ma'aunin om tsakanin fari da shuɗi. In ka ga kusan 60, tamineta biyu suna nan kuma uwar waya ba ta yanke ba. In ka ga 120, ɗaya ya ɓace ko waya ta katse a wani wuri. In ka ga 40, akwai na uku da ya ɓuya. In ka ga kusan sifili, fari da shuɗi sun haɗe, galibi ruwa ne ya shiga mahaɗa ko ƙafa ta lanƙwashe.

Sannan ka kunna, ka auna ja da baƙi a wurin shigar wuta, ka sake aunawa a kowane ƙarshe alhali duk na'urori suna aiki. Bambancin shi ne raguwar gaskiya, ka kwatanta ta da lissafinka. Fari da shuɗi kowanne, in ka auna shi da baƙi, zai tsaya kusa da 2.5V, fari ya ɗan fi, shuɗi ya ɗan gaza. In ɗaya ya nuna 12V ko sifili, kashe nan take ka nemo dalili.

Na'urorin kuma ɗaya bayan ɗaya ake jona su. Ka jona, ka shiga jerin na'urori a allon taswira, ka ga sunanta ya fito, sannan ka ɗauko ta gaba. Wanda ya jona goma a tare layi ya mutu, bai san wa zai tuhuma ba.

Mataki na biyar: saiti

Fitowar suna a jeri ba ya nufin an gama. Bayanin 2000 yana tafiya ne cikin saƙonni masu lamba da ake kira PGN. Wuri 129025 ne da 129029, alƙibla 127250, zurfi 128267, iska 130306, juyin inji 127488, yawan mai ko ruwa a tanki 127505. A bayan littafin kowace na'ura akwai jerin waɗanda take aikawa da waɗanda take karɓa. In na'ura tana aika saƙon da allonka bai san shi ba, ba abin da zai fito, kuma ba laifin waya ba ne. Ka duba jerin nan tun kafin ka biya kuɗi.

Abu biyu ake mantawa. Na ɗaya, zaɓen tushe. Jirgi yakan samu GPS uku: ta cikin allo, ta AIS, da eriyar waje. In ka bar allo ya zaɓa da kansa, yana iya ɗaukar ta cikin ɗaki da rufin ƙarfe ya tare wa sama. Ka zaɓa da hannunka. Na biyu, lambar bambancewa. Inji biyu ko tanki biyu sukan fito daga masana'anta kowanne da lamba 0, sai ka ga allura tana tsalle tsakanin adadi biyu. Al'adar ita ce injin hagu 0, na dama 1. Injinan dizal da yawa J1939 suke ji, kuma duk da dangantakar da ke tsakani, ba a jona su kai tsaye a uwar waya, sai ta na'urar canji.

Mataki na shida: tsohon yare, 0183

Wannan yaren rubutu ne da ido ke iya karantawa, kuma ina ganin duk mai wannan sana'a ya kamata ya iya. Ga misali:

$SDDPT,3.4,0.5*55

Alamar dala ce ke buɗe jimla. SD na nufin mai maganar ma'aunin zurfi ne, da GPS ce sai ka ga GP. DPT na nufin zurfi. Mita 3.4 ne daga idon ma'aunin, wato ɓangarensa da ke cikin ruwa, zuwa ƙasan ruwan, 0.5 kuma tazarar da ke tsakanin idon da saman ruwa, wato zurfin gaskiya mita 3.9. Da lambar ta biyu tana da alamar ragi, to tazarar zuwa ƙasan jirgi ake nufi. Ga mai bin kogi irin Neja ko Binuwai da rani, inda tudun yashi ke sauya wuri, rabin mitar nan ita ce tsakanin wucewa da kafewa, don haka ka tabbata matuƙi ya san wanne allonsa ke nuna masa. Lambar bayan tauraro ta tantancewa ce, da ita mai saurare ke gane ko jimlar ta lalace a hanya. Jimla ba ta wuce harafi 82. Na AIS da alamar motsin rai suke farawa, kamar !AIVDM.

Haɗin waya biyu ne: A ta mai magana zuwa A ta mai saurare, B zuwa B. Wasu kamfanoni suna rubuta + da − a maimakon A da B. Kada ka amince da launin waya, kowane kamfani da nasa, littafi kawai za ka bi. Mai magana ɗaya yakan iya ciyar da masu saurare uku ko huɗu. Amma masu magana biyu ba sa haɗuwa a kunne ɗaya. In rediyo ko allo yana da mashiga ɗaya kuma kana son ba shi GPS da kamfas, sai ka sa na'urar tattarawa, wadda ke karɓar jimloli daga ƙofofi da yawa ta jera su a layi ta fitar ta ƙofa ɗaya.

Akwai tarko a tsofaffin kaya. Kafin sigar 2.0 ta 1992, na'urori da yawa waya ɗaya suke aikawa da ita, nagetif ya zama ta biyu. In irin wannan ce ke magana, wayarta ta tafi A, nagetif ɗinta ya tafi B na mai saurare. In kuwa sabuwa ce ke magana tsohuwa na saurare, ka haɗa A kawai, nagetif ɗinsu ya zama ɗaya, ka naɗe B ka ajiye ta. Kada ka kai B ta mai magana ga nagetif, kana iya ƙona ƙofar.

Sai gudu. AIS tana magana da 38,400, saura yawanci 4,800. In ƙofofin biyu ba su daidaita ba, shiru za ka ji kamar ba a haɗa ba. Kuma 4,800 harafi 480 ne kawai a daƙiƙa, kusan cikakkun jimloli shida. Na'urar tuƙi da rada suna son alƙibla sau goma a daƙiƙa. Ka cusa AIS da GPS da iska da kamfas a wannan siririyar hanya, jimloli za su riƙa zubewa. Ka kashe duk jimlar da mai saurare ba ya buƙata.

Don haɗa tsohon yare da sabo ana sa tafinta, ƙaramar na'ura mai kai ɗaya a 0183 ɗaya a 2000. Actisense NGW-1 ta yi suna a wannan aiki, Yacht Devices da Digital Yacht ma suna yi. Tafinta ba ya fassara komai da komai, yana da nasa jerin, ka duba. Ka kuma kula kada bayani ya fita ta wata ƙofa ya zagayo ya dawo ta wata, don allo zai riƙa jin muryar kansa yana ɗauka sabon labari ne.

Ethernet da Wi-Fi

A nan gaskiya ba daɗi: hoton rada da na ƙarƙashin ruwa kowane kamfani ya kulle nasa. Radar Furuno ba za ta fito a allon Garmin ba, ko da mahaɗar ta shiga. Saboda haka allo da rada kamfani ɗaya ake saye, saura kuwa a gauraya yadda aljihu ya ba da dama. NMEA ta fitar da OneNet don kawo ƙa'ida ɗaya a kan Ethernet, manyan jirage kuma suna da IEC 61162-450, amma a ƙananan jirage har yanzu tsarin kamfani ne ke mulki. Wasu ƙofofin Ethernet na jirgi suna ɗauke da wuta, kada ka cusa kwamfutarka ba ka karanta ba.

Ana samun tafinta mai Wi-Fi da ke watsa bayani zuwa wayar hannu ko kwamfuta mai manhaja irin OpenCPN, wadda kyauta ce, galibi ta ƙofa mai lamba 10110. Yana da amfani sosai. Ka canza kalmar sirrin da ya zo da ita, kuma ka saita shi ya riƙa fitar da bayani kawai. Ban ga dalilin da zai sa wayar fasinja ta samu hanyar yi wa na'urar tuƙi magana ba.

Komawa ga rediyo

Kusan kowane rediyon VHF na zamani da ake girkawa a jirgi yana da DSC, wato kiran lamba a tasha ta 70, da jan maɓalli a ƙarƙashin murfi. Don ya yi amfani yana buƙatar abu biyu. Na farko MMSI, lambar shaidar jirgi mai lamba tara, wadda hukumar ƙasar da jirgi ya yi rajista ke bayarwa. Ta jiragen Najeriya da 657 take farawa. Ka shigar da ita a natse, don rediyo da yawa sau ɗaya suke yarda, in ka yi kuskure sai an kai wa dila ya goge. Lambar da ke cikin AIS ta zama ita ce a rediyo. Na biyu wuri daga GPS. In rediyon na 2000 ne, reshe ɗaya ya wadatar. In na 0183 ne, ka ba shi ɗaya daga jimlolin wuri, RMC ko GGA ko GLL, a gudun 4,800. Rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta taɓa kokawa cewa mafi yawan kiran gaggawa na DSC da ke iso mata ba sa ɗauke da wuri, saboda wannan sakacin dai na waya biyu.

Ka tsaya har ka ga lambobin wuri da lokaci sun fito a fuskar rediyon, kuma sun yi daidai da na allon taswira. Sannan ka kashe allon ka gani: in wurin ya ɓace daga rediyo, to rediyon ya dogara ga allo ne, ka sake tunani, don ranar da wuta ta samu matsala allo ne ke fara mutuwa. Eriyar GPS mai zaman kanta, ko rediyo mai tasa GPS a ciki, ta fi aminci. Kada ka taɓa gwaji da jan maɓalli. Ka nemi wani jirgi a tashar, ku yi musayar MMSI, ka aika masa kiran mutum ɗaya, shi ma ya aiko maka.

In layi ya mutu daga baya

Fara da fiyus da wuta, sannan om 60. In duka lafiya, ka raba uwar waya biyu: cire ta a tsakiya, ka matso da tamineta zuwa wurin yankan, ka ga ko rabin da ke da wuta ya farfaɗo. In ya farfaɗo, ciwon na ɗaya rabin, sai ka riƙa ƙara T ɗaya ɗaya har ya sake faɗuwa. In matsalar tana zuwa ne kawai lokacin da aka danna rediyo ana magana, ko aka tayar da inji, ka duba inda wayoyi suka kwanta tare da kuma inda aka haɗa garkuwa. In na'ura ɗaya ce ke ɓacewa tana dawowa, musanya reshenta da na maƙwabciyarta kafin ka yanke mata hukunci, sau da yawa koren tsatsa ne a ƙafar mahaɗa.

Kafin ka sauka daga jirgin, gwada komai inji na aiki, fitilu a kunne, rediyo na aikawa. Ka liƙa suna a kan kowane reshe. Zanen da ka fara da shi ka gyara shi ya dace da abin da ka shimfiɗa, ka rubuta inda tamineta biyu suke, inda fiyus yake, jimillar LEN, da awon da ka samu a ranar. Ka sa shi a leda ka manna a cikin murfin akwatin fiyus, ka nuna wa matuƙi wurin.